Kafin a hukunta yaro, a tambayi abin da ya faru kafin laifin

A makarantun da yawancinmu muka yi, idan yaro ya bugi wani ko ya ƙi yin aikin aji, tambayar malami ɗaya ce: wane horo ya dace da shi? A Ingila inda nake zaune, an hana bulala a makarantun gwamnati tun 1987, don haka tilas malami ya koma ga wata tambayar: me ya faru dab da yaron ya aikata abin? A ganina wannan tambayar ta fi waccan amfani, kuma ba ta cin ko sisi.

Masana halayyar ɗalibai suna aiki da takarda mai gida uku. A gidan farko a rubuta abin da ake ciki kafin rigimar, da lokaci da darasin. A na biyu a rubuta abin da yaron ya yi yadda ido ya gani, wato "ya jefar da littafi", ba "ya yi rashin kunya" ba. A na uku a rubuta abin da ya biyo baya. Bayan mako biyu ana cikewa, sau da yawa zaren yakan fito. Misali, duk ranar da aka ce kowa ya karanta a bayyane sai yaron ya tayar da hankalin aji, malami ya kore shi waje. To korar nan ita yake nema, domin ta cece shi daga jin kunya a gaban abokansa, kuma kowace kora tana ƙara tabbatar masa cewa dabararsa tana ci. Abin da ya kamata a bincika shi ne karatunsa, da ganinsa, da jinsa.

Akwai dalili a jikin yaro. Idan ya tsorata ko ya fusata, jiki yakan saki sinadaran tashin hankali irin su kotisol, sai abin da zai iya riƙewa a ka a lokacin ya ragu. Gaban ƙwaƙwalwa kuwa, wanda ke danne zuciya, ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25. Shi ya sa nasiha ga yaron da ke huci ba ta shiga. A bari ya huce tukuna, a sanya wa abin da yake ji suna, "na ga ranka ya ɓaci", sannan a zo ga gyara: ya ba da haƙuri, ya ɗauko abin da ya jefar, ya ƙarasa aikin da ya guje wa. Laifi yana nan a matsayin laifi, lokacin maganarsa kawai aka jinkirta.

Masu cewa wannan shagwaɓa yara ne su duba nazarin da Joseph Durlak da abokan aikinsa suka fitar a 2011. Sun haɗa sakamakon shirye-shirye 213 na koyar da zamantakewa da sarrafa zuciya, da ɗalibai fiye da 270,000. Ban da gyaruwar hali, a ma'aunin da ake jera ɗalibai daga ɗaya zuwa ɗari, ƙoƙarinsu a karatu ya hau da mataki 11. Inda aka aiwatar da shirin da rabin zuciya, amfanin ya ragu.

Malami mai aji cike maƙil fa? Akwai wasan kyakkyawan hali da aka fara gwadawa a Kansas ta Amurka, aka wallafa sakamakonsa a 1969, kuma allo da alli kaɗai yake buƙata. A raba aji rukuni biyu ko uku, a rubuta dokoki kaɗan a allo, a ce wasan na minti goma ne cikin darasi. Wanda ya karya doka a ja wa rukuninsa layi ɗaya, ba tsawa ba dogon bayani. Duk rukunin da layinsa bai wuce huɗu ba ya ci, ko da dukkansu ne. A fara sau uku a mako, a riƙa tsawaita lokacin. Yakan lalace idan aka tara masu ƙiriniya a rukuni ɗaya, domin sun san ba za su ci ba sai su saki jiki. Idan kuma yaro ɗaya yana kayar da rukuninsa da gangan, a ware shi ya zama rukunin kansa na ɗan lokaci.

Ingila ma tana da nata ciwon. Iyaye kan yi watanni suna jiran a tantance ɗansu, wasu malaman kuma su naɗe hannu har sai likita ya ba halin yaron suna. Wannan kuskure ne babba, domin takardar nan mai gida uku malamin aji zai iya fara cike ta gobe da safe, kuma ita ce za ta fi taimakon masanin ranar da layi ya zo kan yaron.