Ƙwaron Mushe: Bakatsine ne ko Bagobiri?

(Bayan sallar isha'i, a wata fada ta 'yan shayi da ke wajen garin Maraɗi, bakin hanyar Tibiri, garin Sarkin Gobir. Mushe, malamin boko mai nazarin ƙwari, ya rataye farin ƙyalle a reshen bedi ya haska shi da fitila, ƙwari sai taruwa suke. Bakatsine yana fifita gawayin shayi, Bagobiri yana jiran kofin farko.)

Bagobiri: Mushe, wanga likkafani na wane ne ka shanya da dare?

Mushe: Tarko ne, Baba. Ƙwarin dare haske suke bi. Kar kowa ya motsa! Yawwa, ya shiga kwalba.

Bakatsine: Na ɗauka ɓarawo ka kama. Malam-buɗe-littafi ne fa.

Mushe: Ɗan'uwansa ne mai yawon dare. Dubi yadda ya shimfiɗa fikafikansa ya lafe. Daga dangin Geometridae yake, kuma duk littattafan da na duba a jami'a ban ga irinsa ba. Mai yiwuwa sabo ne.

Bakatsine: Sabo? Jiya aka halicce shi?

Mushe: Ya daɗe a duniya, Kawu, rajista ce ba a yi masa ba. 'Yan'uwansa da aka rubuta sun haura iri 23,000.

Bagobiri: Allah ya sa kada su yi bikinsu a gonata. Ba shi ne uban murzuna ba, mai cinye mana zangarniyar gero?

Mushe: A'a, murzuna gidansu daban, Noctuidae. Tsutsar wannan ko daga nesa za ka gane ta. Ƙafafu shida ne a gaba, huɗu can baya, tsakiya babu ko ɗaya. In za ta tafi sai ta jawo bayanta zuwa ƙirji ta lanƙwashe, sannan ta miƙe, kamar mai auna yadi da taƙi.

Bakatsine: Shi ke nan, magana ta ƙare. Namu ne. Wanda ba ya taku sai da awo ai Bakatsinen Maraɗi ne, jinin alhazai.

Bagobiri: Rufe mana baki, bawana. Mushe, matso da fitila. Mi kake gani bisa fikafikan nan?

Mushe: Layuka ne sirara, sun ratsa fiffiken gaba sun zarce na baya. Yawancin danginsa haka suke.

Bagobiri: Layuka wai! Zanen Gobir ne wanga, aikin wanzamin kirki.

Mushe: Baba, zane da launi su suka fi yaudarar masana. A Ingila akwai ɗan danginsa, Biston betularia, fari mai ɗigo-ɗigon baƙi. A 1848 sai aka ga baƙi ƙirin a Mancesta, lokacin da hayaƙin masana'antu ya baƙanta itatuwa. Ka ajiye su kusa ka rantse ba su haɗa komai ba, alhali iri ɗaya ne.

Bakatsine: Ka ji ko? Zane ba ya ba da asali. Tun yaushe nake gaya maka?

Bagobiri: To in ba a duba fuska, ina ake dubawa?

Mushe: (ya sassauta murya) Al'aura.

Bagobiri: Mi?

Mushe: Ana cire cikinsa a jiƙa a ruwan sinadari har naman ya narke, a fito da gaban a shimfiɗa bisa gilashi, a leƙa ta madubin ƙara girma. Iri biyu na iya sajewa a fiffike, amma a can sai ka tarar kowa da tasa ƙirar.

Bagobiri: A'uzubillahi! Kuma gwamnati albashi take biyan ka kan wanga aiki?

Mushe: Da sauran aiki. Sai a ɓalle ƙafa guda a aika a karanta ƙwayar halittarsa. Wani masani a jami'ar Guelph ta Kanada, Paul Hebert, shi ya fito da dabarar a 2003. Wani ɗan gutsure ake karantawa mai haruffa 658, a gwada da na sauran.

Bakatsine: Ƙafar ƙwaro ta samu biza, ni ko takardar Umara ta gagare ni.

Bagobiri: Ku rage murya, kada bawan Allah ya ji abin da ake shirya mishi.

Mushe: Yana da kunnuwa kam, amma a gindin cikinsa suke. Da su yake jiyo jemage ya kauce.

Bakatsine: Kunne a ciki? Na janye ƙara, Mushe. Bagobiri ne tsantsa. Ba ya jin kira sai ta ciki.

Bagobiri: Za ka maimaita a gaban Sarkin Gobir. Mushe, yaushe suna?

Mushe: Da saura. Sai an gwada shi da waɗanda ke ajiye a manyan gidajen tarihi, kamar na Landan. In an tarar wani ya riga ya raɗa masa suna, ko shekara ɗari ce baya, tsohon sunan ke aiki. In babu, a rubuta kamanninsa a mujallar masana, a soke shi da allura a ajiye shi shaida. Sunan kuma biyu ne da Latinanci, na gida da nasa na kansa, yadda ake yi wa dabbobi tun littafin Linnaeus na 1758.

Bakatsine: Rago nawa ake yankawa?

Mushe: Ko goro ba a rabawa.

Bagobiri: Suna ba rago, ba goro? Wanga kam rowar Katsinawa ce.

Mushe: Ana dai iya sa masa sunan inda aka kama shi. Tunda nan ne, ina tunanin maradiensis.

Bagobiri: Tibiriensis!

Bakatsine: Bedin nan a ƙasar Katsina yake.

Bagobiri: Reshen Tibiri yake kallo. Miƙo kwalbar in ƙirga zanen, a raba gardama.

Mushe: A hankali, Baba, kar ka taɓa murfin. Baba! Wayyo, ya tashi!

Bagobiri: Da gangan na yi. Je ka kama Bakatsine ka leƙa. Bagobiri dai ba a tuɓe mishi wando a gaban jama'a.