Kifin da ke ba da shaida a kan madatsun ruwan Amurka

Kifin salmon da aka ƙyanƙyashe a ƙoramun duwatsun jihar Idaho, a arewa maso yammacin Amurka, ba ya zama inda ya fito. Tun yana ƙarami, a watannin Afrilu da Mayu da ƙanƙarar duwatsu ke narkewa, yake bin ruwa ya gangara Tekun Pasifik. Can yake girma. Bayan wasu shekaru ya juyo, ya hauro kogi har ƙoramar da aka haife shi, ya zuba ƙwai, ya mutu. Tsakaninsa da teku akwai manyan madatsun samar da wutar lantarki guda takwas na gwamnatin tarayya, huɗu a Kogin Snake, huɗu a Kogin Kolumbiya wanda Snake ke zuba a cikinsa. Dole ya wuce su yana ƙarami, dole ya sake wuce su yana babba.

An yi kiyasin cewa kafin zuwan Turawa da yawa yankin, salmon miliyan 10 zuwa 16 ne ke haurowa Kogin Kolumbiya kowace shekara. A 1992, jan salmon guda ɗaya tak ya iso Tafkin Redfish na Idaho, bayan tafiyar kimanin kilomita 1,450 daga teku. Yau rukuni 13 na salmon da danginsa a wannan yanki suna cikin jerin halittun da dokar Amurka ta ce suna fuskantar barazanar ƙarewa. Babu mai musun cewa kifi ya ragu. Abin da aka shafe shekaru ana ja-in-ja a kansa shi ne wa ya kashe shi, a ina, kuma nawa.

Ra'ayina shi ne, a cikin duk kuɗin da aka kashe a kan wannan kifi, babu wanda ya fi cancanta kamar na ƙera na'urorin da ke gane kifi ɗaya-ɗaya yayin da yake wuce madatsa. Sai dai alƙaluman da na'urorin ke bayarwa iri biyu ne, kuma wanda aka fi yayatawa shi ne mafi ƙarancin muhimmanci.

Tun da aka buɗe madatsar Bonneville a 1938 ake ƙirga manyan kifaye masu haurowa ta matakalar kifi, wato hanyar ruwa mai hawa-hawa da aka gina a gefen madatsa. Ma'aikaci ne ke zama yana kallon kifin da ke giftawa, yana danna maɓalli. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai wannan ƙidaya ba ta cewa komai game da ƙananan da ke gangarawa, alhali a nan mafi yawan asarar take. Su ƙananan, da can ana yi musu tambari a fata da ƙarfe mai tsananin sanyi, ko a soka musu guntuwar waya mai lamba a hanci. Tambarin yana dusashewa, kuma sai an kama kifin an duba. Ita kuwa wayar, sai an yanke kan kifin kafin a karanta lambarta. Wato duk bayanin da za a samu daga kifi guda, sau ɗaya ne, kuma sau da yawa a bakin ransa.

A farkon shekarun 1980 masana na hukumar kula da kifayen teku ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Earl Prentice, suka fara gwada wata dabara da kuɗin hukumar Bonneville mai sayar da wutar madatsun. Ita ce alamar da ake kira PIT: 'yar ƙwayar gilashi mai tsawon milimita 12, kusan girman ƙwayar shinkafa, a cikinta akwai siririyar waya a naɗe da ƙaramin guntun lantarki mai lamba wadda babu kifin da ke da irinta. Ba ta da batir. Ana bugar da ɗan kifin da magani a cikin ruwa, a juya shi rigingine a tafin hannu, a soka masa ita da allura a cikin ciki, a auna tsawonsa, a shigar da lambar a kwamfuta, a bar shi ya farfaɗo a sake shi. Ƙwayar tana nan kwance shiru har sai kifin ya bi ta cikin wata eriya da aka kewaya bututu ko hanyar ruwa da ita. Ƙarfin maganaɗisun eriyar ne ke tashinta na ɗan ƙiftawar ido, ta aika lambarta, na'ura ta rubuta rana da lokaci da wuri. Tunda babu batirin da zai ƙare, kifin da aka yi wa alama yana ƙarami zai iya dawowa bayan shekara uku da lambarsa, ba tare da hannun kowa ya sake taɓa shi ba.

Yanzu ana yi wa kifaye kusan miliyan biyu wannan alama a kowace shekara a yankin, kuma duk bayanan suna taruwa a rumbu guda mai suna PTAGIS, wanda yake buɗe a intanet ga kowa. Wannan buɗewar ta fi ita kanta na'urar muhimmanci a wurina. Hukumar injiniyoyin sojan Amurka mai gudanar da madatsun, da ƙabilun 'yan asalin ƙasar irin su Nez Perce da Yakama waɗanda yarjejeniyoyin 1855 suka tabbatar musu haƙƙin kamun kifi, da lauyoyin ƙungiyoyin kare muhalli, duk daga rumbu ɗaya suke ɗiba. Suna iya saɓani a kan fassara, amma babu mai iya ɓoye wa ɗan'uwansa lissafi.

Kuma lissafin ya fito da abubuwan da ba a zata ba. Da aka bi tsibiran da ke bakin teku da na'urar karanta alama, sai aka tarar da dubban ƙwayoyin nan a cikin yashi da kashin tsuntsaye. Tsuntsayen teku masu cin kifi, waɗanda suka yi sansani a Tsibirin Rice, a lokacin suna cinye miliyoyin ƙananan salmon a shekara. Shi kansa tsibirin, da yashin da ake yasowa daga hanyar jiragen ruwa aka tara shi. Wannan ne ya sa aka lallaɓa tsuntsayen suka koma wani tsibiri mafi kusa da teku wajen shekarar 2000, inda akwai wasu kifayen da za su ci. Haka ma batun dakon kifi. Tun shekarun 1970 ake kwashe ƙananan salmon a jiragen ruwa na dako daga madatsun Snake a sauke su bayan Bonneville, kuma kusan dukansu suna sauka da rai. An daɗe ana nuna wannan a matsayin nasara. Da alamar PIT ta ba da damar bin sawunsu har dawowarsu, sai aka ga ribar ta danganta da irin kifin da lokacin da aka ɗauke shi, kuma wanda aka yi dakonsa ya fi saurin ɓatan hanya idan ya girma ya juyo gida.

Akwai wata matsala da ta sa aikin ƙera waɗannan na'urori bai ƙare ba har yau. Ɗan kifi yana wuce madatsa ta ɗaya daga hanyoyi uku: ta cikin injinan da ruwa ke juyawa, ko ta bututun da aka yi masa ya kauce wa injinan, ko ta ƙofofin malala inda ake sakin ruwa ya zubo ba tare da ya samar da wuta ba. Eriya ba ta iya karanta ƙwayar sai daga kusa, don haka shekara da shekaru a cikin bututun kawai ake iya ganin kifi. Masana suna cike gurbin da lissafi: idan kifin da ba a gani a madatsa ta uku ba ya bayyana a ta biyar, an san ya wuce ta ukun da rai, kuma daga yawan irinsa ake ƙiyasta waɗanda ido ya kuskure. Amma wannan lissafi yana buƙatar a riƙa ganin kifi da yawa. A 2005 alƙali James Redden ya ba da umarnin a riƙa sakin ruwa ta ƙofofin malala a lokacin zafi domin kifi, a 2017 alƙali Michael Simon ya ce a ƙara. Kifi ya koma bin hanyar da ta fi masa sauƙi, wadda kuma babu eriya a cikinta. Gwargwadon yadda aka kyautata masa, gwargwadon yadda ya ɓace wa masu ƙirga.

Injiniyoyi sun bi shi. A 2006 aka kafa wata eriya mai faɗin kimanin mita 5 a kowane ɓangare a wata babbar hanyar ruwa ta Bonneville, abin da a baya ake ganin ba zai yiwu ba da ƙwaya marar batir. A bakin teku, jiragen ruwa biyu ke jan taru mai buɗaɗɗen gindi da eriya a ƙarshensa, kifi ya shiga ya fice a karanta lambarsa. A 2020 aka fara aiki da eriyoyin da aka binne cikin kankaren ɗaya daga ƙofofin malala na madatsar Lower Granite, inda ruwa ke zubowa da gudun da kifin ba ya daɗewa ko daƙiƙa guda a kan na'urar. Kowane ɗaya daga waɗannan ya ci shekaru da kuɗi, kuma wanda ke ganin almubazzaranci ne ya tuna cewa idan babu su, umarnin kotu na sakin ruwa zai zama abin da babu mai iya auna amfaninsa ko rashinsa.

To, ga alƙaluman nan biyu. Na farko shi ne kason ƙananan kifin da ke wuce kankaren madatsa guda da rai. Gwamnati ta ɗora wa kanta mizanin kashi 96 cikin 100 ga masu gangarawa da wuri, da kashi 93 ga na lokacin zafi, kuma gwaje-gwajen da aka yi da wata alama mai fitar da sauti sun nuna madatsun suna kaiwa ko suna kusantar haka. Wannan lamba ce masu kare madatsun ke maimaitawa. Gaskiya ce, amma guntuwa. Kashi 96 sau takwas ya riga ya sauko kusan 72, kuma ba a lissafa tafkunan da ke bayan madatsun ba, inda ruwa ke tafiya a hankali, yana ɗumama, kifaye masu farauta suna jira. Lamba ta biyu ita ce cikin ƙanana ɗari da suka tafi, nawa suka dawo manya. Majalisar da ke tsara harkar wuta da kifi a yankin ta ce ana buƙatar 2 zuwa 6 kafin kifin ya farfaɗo. Salmon na Kogin Snake a mafi yawan shekaru ba ya kai biyu. Wannan lamba, alamar PIT ce ta sa ake samunta da tabbaci, kuma da ita ya kamata a yi wa madatsun hukunci.

Masu ra'ayin a bar madatsun suna da hujjojin da ba na wasa ba. Huɗun da ke Kogin Snake suna ba da wuta marar hayaƙi, kuma ta dalilinsu jiragen alkama ke tasowa daga garin Lewiston har teku. Sun ce teku ce ta ɗumama, kuma salmon na raguwa har a kogunan da babu madatsa. Akwai gaskiya a nan. Ita ma alamar tana da nata rauni: wasu kifayen suna zubar da ita, sokawar kanta na iya raunana ɗan kifi, kuma mafi yawan waɗanda ake yi wa daga gidajen ƙyanƙyasa suke, ba na daji ba. Amma rumbun nan ya nuna kifin kogunan Yakima da John Day, mai wuce madatsu huɗu ko uku kacal kuma teku ɗaya yake shiga da na Snake, ya fi shi dawowa da rata mai faɗi. Teku ba ta isa ta bayyana wannan bambanci ita kaɗai ba.

Mu ma muna da madatsu a kan Kogin Neja da rassansa, Kainji tun 1968, Jebba, Shiroro, Zungeru, ga Kandadji ana ginawa a Nijar. Kifinmu ba ya zuwa teku, bin ambaliya yake ya shiga fadama ya hayayyafa, don haka tsarin Kolumbiya ba zai zauna mana yadda yake ba, ko da yake an kafa irinsa a madatsar Xayaburi ta Laos a Kogin Mekong. Abin ɗauka shi ne ƙa'idar: mai sayar da wutar ya biya kuɗin binciken, sakamakon kuma ya zama na kowa, har Sarkawan da ke kwana a kan ruwa. Muna da cibiyar binciken kifayen ruwan daɗi a New Bussa, gab da Kainji, wadda za ta iya riƙe irin wannan aiki.

A can Amurka, wani bincike da aka wallafa a 2023 ya gano an kashe sama da dala biliyan 9 cikin shekara arba'in wajen farfaɗo da kifin Kolumbiya ba tare da shaidar ƙaruwar na daji ba. A Disamban 2023 gwamnatin Biden ta ƙulla yarjejeniya da ƙabilu huɗu da jihohin Oregon da Washington, wadda ta buɗe ƙofar nazarin abin da zai maye gurbin madatsun Snake. A Yunin 2025 Shugaba Trump ya janye gwamnati daga ciki. Gardamar za ta ci gaba a gaban alƙali, kuma da alƙaluman nan za a yi ta. Saboda haka dole a ci gaba da biyan kuɗin yi wa kifi alama kowace shekara ba yankewa, domin shekarar da aka tsallake ba ta dawowa, a kuma kai irin eriyar Lower Granite ƙofofin malala na madatsun ƙasa, musamman McNary da Bonneville, inda mafi yawan ƙananan kifin ke wucewa yanzu babu mai karanta lambarsu.