Ruwa da wuta a akwati ɗaya

Sana'ata haɗa bidiyon biki, kuma duk watan Afrilu kwamfutata takan yi mini yajin aiki. Zafin Kano ya haura digiri 40, firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta taɓa 95, sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Uwar amarya kuwa ba ruwanta da digiri, waya take bugowa safe da yamma.

Wani abokina ya ce, "Kai har yanzu fanka kake amfani da ita? Ai da ruwa ake sanyaya kwamfuta yanzu."

Na nufi kasuwa da ɗan abin da ke aljihuna. Mai shago ya jera mini lagireto kala uku: mai milimita 120 da fanka ɗaya, mai 240 da biyu, mai 360 da uku. Na miƙa hannu kan ƙaramin, ya ce, "Malam, wannan bai fi fanka mai kyau ba, asarar kuɗi ce." Na tambayi kuɗin babban, da ya faɗa sai na yi salati. Muka daidaita a kan na tsakiya, wani marar suna, amma fitilunsa har launi suke canzawa. Fitilun nan su suka ci kuɗina, ba wani abu ba.

A gida aka fara wasan. Lagireto ya ƙi zama a saman akwatin kwamfutar saboda RAM ɗina, wato katunan memori, dogaye ne. A gaba kuma kejin hard disk, wato ma'ajiyar bayanai, ya tare hanya, sai da mai walda ya yanke shi, ya karɓi kuɗin da ya cinye rangwamen da na sha wuya na samu.

Ina cikin ɗaura noti Hajiya ta leƙo, ta ga tiyo biyu.

"Wannan kuma na mene ne?"

"Ruwa ne ke bi ta ciki, Hajiya."

"Ruwa? A cikin kayan wuta? Kai, gidan nan gado ne, ba kai ka gina shi ba."

Na yi ta bayani cewa a rufe yake ruf, famfo ne ke kai ruwan kan firosesa ya kwaso zafi, fankoki su huce shi a lagireto, ba a ƙarawa ba a ragewa. Ban rufe baki ba ƙanena ya shigo da fiya wata mai sanyi, wai a ba ta ta sha.

Da na kunna, sai ƙululu-ƙululu kamar cikin mai azumi da la'asar. Ashe akwai 'yar iska a ciki, ita kuma wurin da ya fi tudu take nema. Na sa lagireto ƙasa da famfo, iska ta tare a famfo. Na kwance komai, na ɗaga shi sama, na sake shafa wa firosesa mai, ƙara ta ɗauke.

Zafi ya sauka, ba laifi, amma ba sanyin da na yi mafarki ba. Iskar ɗaki ce ke huce ruwan, ɗakina kuwa rufin kwano ne. Kwamfuta ta sami sauƙi, zafin da ta fitar duk a ƙafafuna yake sauka.

Hajiya dai har gobe ba ta yarda ba. Ta aiko an ajiye robar wanki a ƙarƙashin teburi, ta ce duk ranar da na ɗauke ta, ni da kwamfutar mu nemi haya.