Ku ƙyale Fabregas ya zauna a Como, ina ake gaggawar kai shi?

Tunda aka shiga watan Janairun 2026 Manchester United ta sallami kocinta Ruben Amorim, bayan sati ɗaya kuma Xabi Alonso ya tattara nasa ya nasa ya bar Real Madrid, sai na lura duk inda aka zauna hirar ƙwallo sunan mutum ɗaya ake ta jefowa, wai Cesc Fabregas, kocin kulob ɗin Como na Italiya, shi ne zai gyara. Ran nan a gidan kallo muna jiran a take wasa wani matashi a bencin gabana sanye da tsohuwar rigar Arsenal mai lamba 4 ya juyo yake ce min, "Malam, wallahi mutumin nan ba shi da buri, ina shi ina zama a ƙauye bakin ruwa alhali manya na nemansa." Na ce masa ƙanena manyan da kake faɗa ai yanzun nan suka gama cinye mutum biyu a gaban idonka, ko kwanon ba a wanke ba. Dariya kawai ya yi ya juya, amma ni maganar ta tsaya min a rai, don ba shi kaɗai ke faɗinta ba, har masu sharhi da ake ganin sun san abin da suke yi haka suke ta maimaitawa.

Wai me ake nufi da buri ne? A wajen mutanenmu koci bai cika koci ba sai an gan shi a bencin Madrid ko Barcelona ko ɗaya daga cikin manyan Ingila, ko da kuwa wata bakwai zai yi a koro shi da jakarsa. To Alonso ai wata bakwai ɗin ya yi, mutumin da ya ɗauko wa Leverkusen kofin Bundesliga na farko a tarihinta a 2024 ba tare da an doke shi ko wasa ɗaya a lig ba. Ya je Madrid, ya canza Vinicius a wasan Clasico yaron ya fita yana ta bambami duniya na kallo, tun daga ranar duk mai ido ya gane wa ke da gida wa ke haya. Amorim ya ci wa Sporting lig sau biyu, na farkon ma bayan shekara 19 suna jira, ya karɓi United ana tsakiyar kaka a Nuwamban 2024, ya ƙare na 15, Tottenham ta doke shi a wasan ƙarshe na Europa, ƙarshe aka tura shi gida. Kuma ba yau aka fara ba. Villas-Boas yana da shekara 33 Chelsea ta ɗauko shi daga Porto a 2011 ana ta kiransa sabon Mourinho, bai kai ƙarshen kaka ba. Graham Potter yana zaman zamansa a Brighton ana yabonsa, Chelsea ta ba shi kwantiragin shekara biyar, bai cika wata bakwai ba. Nagelsmann ma da ya ci duk wasanni takwas da ya buga a Zakarun Turai a waccan kakar, Bayern ba ta fasa korarsa a Maris ɗin 2023 ba. Gani ga wane ai ya ci a ce ya ishi wane.

Abin da masu cewa ya tafi ba sa son dubawa shi ne Fabregas ba ma'aikaci ba ne kawai a Como, yana da hannun jari a kulob ɗin, kamar yadda Thierry Henry ma yake da shi. Ya zo a ɗan wasa a 2022, ya rataye takalmi a 2023, ya fara da horar da yara, da aka kori koci Moreno Longo a Nuwamban shekarar aka miƙa masa babbar ƙungiyar, sai ga matsalar lasisin koci, dole aka kawo Osian Roberts ya riƙe sunan koci shi kuma yana mataimaki har suka hau Serie A, babban lig ɗin Italiya, bayan shekara 21 rabonsu da ita. Kakarsa ta farko a sama ya ƙare na 10. Duk wannan a ƙaramin filin Sinigaglia da ke bakin tafki, wanda 'yan kallon da yake ɗauka ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na filin San Siro da ke Milan ba. A can idan ya ce ga ɗan wasan da yake so ana saurarensa, idan ya ajiye wani a benci ba wanda zai buga wa shugaban kulob waya da daddare ya kai ƙara. Ku faɗa min a wane babban kulob zai samu haka? A Chelsea ne, inda ake sayo maka yara kamar ana sarin tumatir a kwanar Gafan sannan a ce kai ka san yadda za ka yi da su?

Ba wai ina mai da shi waliyyi ba ne fa. Como ba talakan kulob ba ne kamar yadda wasu ke son nunawa, iyalan Hartono na Indonesiya da suka saye shi a 2019 yana rukuni na huɗu suna cikin masu kulob mafi kuɗi a Italiya gaba ɗaya, kuma sun zuba kuɗin ba wasa. Nico Paz ɗin da ake ta kuranta shi ma daga Madrid aka ɗauko shi, kuma Madrid ta bar wa kanta damar sake saye. Amma wannan ma ai hujjata ce. Kana da masu gida masu kuɗi kuma masu haƙuri, abubuwa biyun da ba kasafai suke haɗuwa wuri ɗaya ba, sai ka bari ka tafi inda kuɗin ne kawai? Sannan akwai abin da har yanzu ba a gwada shi a kai ba, bai taɓa riƙe ɗakin 'yan wasa da ke cike da taurari masu albashin da ya ninka nasa ba, irin waɗanda idan ka cire su a minti na 70 sai labarin ya kwana uku a jaridu. Wenger da Guardiola da Mourinho da Conte duk sun horar da shi, na yarda, amma zama a aji daban riƙe alli daban.

Za su ce ai Guardiola shekara ɗaya ya yi a ƙaramar ƙungiyar Barcelona aka ba shi babbar a 2008 yana da shekara 37 ya cinye komai. To a kawo wa Fabregas Messi da Xavi da Iniesta a lokaci guda mana sai mu yi magana. Wasu kuma Arteta na Arsenal suke kawowa, sun manta sau biyu a jere ya ƙare na takwas kuma su ɗin nan dai su ne suka cika mana Facebook da a kore shi, sa'arsa kawai masu Arsenal ba sa karanta abin da muke rubutawa.

Lokacin da PSG ta yi wa Inter 5 da nema a wasan ƙarshe na Zakarun Turai a 2025, kocin Inter Inzaghi ya wuce Al-Hilal, Inter ta zo neman Fabregas Como ta ce ba inda za shi, suka koma suka ɗauki Chivu. Mutane suka yi ta cewa an tauye shi, damar ta wuce. Wace dama ce ta wuce ga wanda a lokacin shekararsa 38? Kwantiragin shekara huɗu ya sa wa hannu a 2024, ya ƙarasa shi mana, ya ɗanɗani wasa biyu a sati, ya sha kashi huɗu biyar a jere mu ga yadda zai tashi, a sayar masa da ɗan wasan da ya fi so mu ga ko zai iya gina wani. Kujerar Chelsea da ta United dai ba inda za su, duk shekara ɗaya da rabi ana sake tallarsu.