Ba kowace wahala ce hukunci ba

Yana damuna yadda wasu a majami'un ƙauyukanmu na Sumaila da Rano suke ɗauka cewa duk Kiristan da wahala ta sama, lalle wani zunubi Allah yake hukunta shi a kai. Tunanin yana da dalili, domin wani lokaci mutum yakan girbi abin da ya shuka. Amma Manzo Bulus, a Romawa 5:3-4, ya koyar cewa wahala takan haifi jimiri, jimiri kuma ya gina hali. Manomin da fari ya ƙone geronsa bai fi maƙwabcinsa laifi ba, sai dai a watannin da rumbunsa yake wayam yakan koyi tattali da naciya cikin addu'a, ya kuma koyi karɓar taimakon 'yan'uwa ba tare da jin kunya ba.