Kafin ka ba ɗan'uwanka maki, ka saurari gangar tukuna

Assalamu alaikum 'yan'uwa makaɗa da masu haɗa sauti.

Maganata a kan gasannin kiɗan nan ne da muke shirya wa junanmu a intanet, musamman zagayen da ake cewa kowa ya kawo kiɗa zalla: ba murya, ba fiyano, ba sarewa, ba gurmi, sai abin bugawa kawai. Tsarin da aka fi bi shi ne 'yan takara su zama alƙalan juna. Ka saka naka, ka saurari na wasu, ka ba su maki, ka rubuta abin da kunnenka ya ji. Ina goyon bayan tsarin nan ɗari bisa ɗari, domin ba mu da kuɗin ɗauko alƙalai, kuma ba wanda ya kai makaɗi sanin wahalar makaɗi. Amma yadda muke duba kiɗa zalla yana cutar da mutane, kuma waɗanda ya fi cutarwa su ne waɗanda suka fi mu iya kiɗan.

Ku duba abin da muke rubuta wa juna. Rabin mutane "Wuta!" kawai suke sawa, ko "Allah ya ƙara basira, maigida," su wuce. Addu'a abu ne mai kyau, amma wanda ya kwana yana aiki bai ƙaru da sanin komai game da aikinsa ba. Sauran rabin su suka fi tayar mini da hankali, masu cewa "Ya yi daɗi, amma kamar bai ƙarasa ba, da ka ɗan sa masa fiyano," ko "Ina jiran inda waƙar za ta shigo." Ƙa'idar zagayen ta ce kiɗa zalla. Mutum ya bi ƙa'ida, sannan a rage masa maki saboda ya bi ta. Wannan ba adalci ba ne, kuma yana nuna cewa kunnenmu ya saba ɗaukar ganga a matsayin shimfiɗar da mawaƙi zai zo ya zauna a kai.

Na san inda abin ya samo asali. Yawancinmu a cikin kiɗan situdiyo muka tashi, tun lokacin da fiyanon Yamaha ya zama shi ne gaba ɗayan ƙungiyar makaɗa a situdiyoyin Kano, har zuwa yau da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio ta shiga kowace kwamfuta. A wannan duniyar, kiɗa abu ne da ake zaɓa a danna, ya yi ta zagayawa a ƙasa, aikin gaske kuma na murya ne. To amma ƙasar Hausa ba haka ta san ganga ba. Tambarin fada ba ya jiran mawaƙi. In aka buga shi daren sallah ko ranar naɗin sarki, gari ya gane saƙon. Ɗan dambe yana zaune a gefen fage, makaɗi ya taɓa takensa da kalangu, tsikar jikinsa ta tashi ya miƙe, ba a furta sunansa ba. Talle na mafarauta, dundufa ta maƙera, gangar noma da ke tura matasa a gayya, kowanne yana da abin da yake faɗa da kansa. Hatta luguden da mata ke yi a bakin turmi, su biyu ko uku, suna cilla taɓarya sama suna tafi kafin ta dawo, cikakken kiɗa ne mai sassa da ke shiga tsakanin juna, kuma ba wanda ya taɓa cewa bai ƙarasa ba. Mu da muka gaji wannan bai kamata a same mu muna tambayar ina fiyano ba.

Bari in kawo misalin da ya sa na yi wannan rubutun. A wata gasa da nake ciki, wani matashi ya saka kiɗan kalangu da kuntuku, wato ƙaramar gangar da ke raka kalangu, an ɗauka da waya, bai kai minti uku ba. Ƙaninsa ne ya buga kuntukun, kamar yadda ya rubuta. Maki kaɗan ya samu, kuma kusan duk waɗanda suka yi masa bayani abu ɗaya suka faɗa: wai kiɗan ba ya kan lokaci, yana gaba yana baya, ya koma ya daidaita shi a kwamfuta.

Na sa abin sauraro a kunne na bi kuntukun shi kaɗai, na ƙyale kalangun. Daga farko har ƙarshe ƙanin nasa bai goce ba, hannunsa a tsaye yake. Wannan shi ne aikin kuntuku, shi ke riƙe da tafiya don babban ya samu filin yin magana. Kalangun ne ke ɗan jinkirtawa a wasu wurare, kuma da gangan yake yi. Duk wanda ya taɓa rataya kalangu ya san cewa in ka matse tsarkiya a hammata amo yana hawa, in ka saki ya sauka, kuma tsakanin bugun gula da matsewar akwai ɗan lokacin da sautin ke lanƙwasa. A cikin lanƙwasar nan ne kalangu ke kwaikwayon karin harshenmu, na sama da na ƙasa da mai faɗuwa, da dogon wasali da gajere. In aka yanka bugun aka jera kowanne a kan layin manhaja, za a samu tsafta, amma maganar ta mutu.

Akwai kuma wani abu da masu sharhin ba su lura da shi ba. In ka buɗe FL Studio, abin da zai fara ba ka shi ne gidaje 16 na jera bugu, huɗu-huɗu sau huɗu. Kunnen da ya yi shekaru a kan wannan tsarin, shi yake ɗauka a matsayin daidai. Kiɗan yaron nan kuwa tafiyarsa uku-uku ce, kamar kiɗanmu na gargajiya da yawa, kuma 16 ba ta rabuwa gida uku. Mai ƙirga huɗu a kan kiɗan da ke tafiya uku dole ya ji kamar ana tuntuɓe. Matsalar a ƙirgarsa take. Aka kayar da yaro a kan laifin da bai yi ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne aikin yana da aibi na gaske, kuma ba wanda ya faɗa masa. Wayar ta yi kusa da bakin kalangun sosai, don haka duk inda ya buga da ƙarfi sautin yana fashewa, yana ƙara kamar takarda na yagewa, kuntukun kuma ya koma can baya. Sannan ƙarshen ya yanke kwatsam, ba a sauke kiɗan ba. Ga abin da ya kamata ɗan'uwansa ya rubuta masa: "Ɗan'uwa, daga wajen daƙiƙa 40 sautin na fashewa in ka ɗaga hannu. Ka ja wayar baya kamar kamu biyu, ka ɗora ta a kan matashi, ka matso da ƙaninka kusa da ita, ka ɗauka a ɗakin da ke da katifa da labule don amsa-kuwwa ta ragu. Amsar da kake ba kuntuku a minti na biyu ta yi kyau ƙwarai, ka ƙara mata tsawo. Ka kuma shirya yadda za ku tsaya tare." Layi biyar ne. Da ya samu wannan, da zagaye na gaba ya dawo da abin da zai girgiza kowa. Bai sake saka komai ba tun daga nan, kuma wannan asararmu ce gaba ɗaya.

Sai batun abin da muke saurare da shi. Da yawanmu a lasifikar waya muke jin aikin mutane, a cikin Keke Napep ko a bakin shago, janareta na ruri a gefe. Ɗan lasifikar waya ba ya iya fitar da amo mai zurfi, haka aka ƙera shi. Waƙa mai murya tana tsira a cikinsa saboda muryar mutum a tsakiya take. Kiɗa zalla kuwa rabin jikinsa a ƙasa yake: cikin babbar ganga, nishin tambari, dumun ƙwaryar da aka kife a ruwa. In ka ji shi a lasifikar waya, bugun sama kaɗai ka ji, sai ka rubuta wai kiɗan ba shi da nauyi. Wanda ba shi da abin sawa a kunne a lokacin, ya jira har ya samu. In kuma dole ne, ya faɗi gaskiya cewa a lasifikar waya ya ji, don mai aikin ya san yadda zai auna maganar.

Kada a ɗauka ina cewa duk wanda ya taɓa fatar ganga da hannu ya fi mai kwamfuta. Akwai kiɗan hannu maras daɗi, wanda da gaske yake gocewa don makaɗin bai ƙware ba, kuma shi ma a faɗa masa. Akwai kuma yaran da ke haɗa kiɗa a kwamfuta da basirar da ke ba ni mamaki, suna ɗauko bugun amapiano na Afirka ta Kudu su haɗa shi da shantu da kacau-kacau, abin ya zauna daram. Amma akwai wani aibi da ya yi yawa a ɓangarenmu na masu kwamfuta, kuma shi ne wanda ba ma gaya wa juna: a haɗa gaɓa ɗaya mai daɗi, a maimaita ta minti uku ba canji. Da akwai mawaƙi a sama da ba a gane ba, don shi zai ɗauke hankali. A kiɗa zalla ba inda za a ɓuya. Irin wannan aikin yakan samu maki mai yawa saboda sautinsa tas yake, kuma yawancin masu ba da maki daƙiƙa 20 na farko kawai suke ji. In kana son ka taimaki mai shi, gaya masa inda ka fara gajiya. Tambaye shi wace ganga ce ke kira, wace ce ke amsawa. Nuna masa inda ya kamata ya cire komai ya bar abu ɗaya na ɗan lokaci, don dawowar sauran ta yi armashi. Ku saurari tsofaffin faifan makaɗan kotso irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo, ko ƙwaryar Barmani Choge, ku ɗauke hankalinku daga baitin ku bi hannuwan kawai. Za ku ji yadda ake ragewa a ƙara, a ja baya a taso.

Na san abin da ke hana mu faɗin gaskiya. Kara ce da kunya, da tsoron kada a ce hassada kake yi tunda kai ma ɗan takara ne. Ina girmama kara, da ita aka raine mu. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma a gidan makaɗa na asali ba a taɓa renon yaro da yabo zalla ba. Yaro yakan fara da ɗaukar kaya, sannan a ba shi ƙaramar ganga, in ya goce a gaban jama'a kallo ɗaya maigida zai yi masa ya dawo hanya, in an koma gida a zaunar da shi a nuna masa. Yawancin matasan da ke shiga gasannin nan ba su da maigida. Mu ne kawai suke da su. In muka rufe su da "Wuta!" mun bar su a inda muka same su.

Wanda ba zan yi wa uzuri ba shi ne cinikin maki, "ka ba ni goma in ba ka goma," da tura wa abokai saƙo ta WhatsApp su zo su ɗaga ka su danne wani. Wannan ha'inci ne, ko da kyautar katin waya ce kawai.

Su ma masu saka aiki suna da nasu nauyin. Ka rubuta layi ɗaya ko biyu a kan abin da ka kawo: da hannu aka buga ko a kwamfuta aka haɗa, waɗanne ganguna ne, kiɗan dambe ne ko na biki ko sabon abu ne ka ƙirƙira. Wanda ya tashi a Legas ko Kumasi ko cikin birnin Abuja mai yiwuwa bai taɓa tsayawa a fagen dambe ba, ba laifinsa ba ne in bai gane take ba. In ka gaya masa abin da kake nufi, zai auna ka da ma'aunin da ya dace. Kuma in an yi maka gyara, kada ka mayar da martani cikin fushi, don gobe ba wanda zai sake ɓata lokacinsa a kanka.

Ga masu shirya gasa, Allah ya saka muku da alheri, na san ba biyanku ake yi ba. Roƙona shi ne a ɓoye sunayen 'yan takara har a gama ba da maki, a sa wa kowane aiki lamba. Kada a ƙirga makin da bai zo da bayani ba, kuma bayanin ya ambaci aƙalla wuri ɗaya a cikin kiɗan da minti da daƙiƙarsa, don a tabbatar an saurara har ciki. A rage yawan ayyukan da ake ɗora wa mutum ɗaya. Wanda aka ba 30 ba zai ji ko ɗaya da kyau ba, a ba shi biyar ya yi musu adalci. A kuma rubuta ƙarara a cikin ƙa'idoji cewa rashin murya ko fiyano ba dalilin rage maki ba ne a wannan zagayen. Wasu sun kawo shawarar a raba kiɗan hannu da na kwamfuta gida biyu. Ban yarda da wannan ba, domin in aka raba, mai kwamfuta ba zai sake zama ya saurari kalangu da kyau ba, mai kalangu kuma ba zai samu wanda zai koya masa yadda ake ɗaukar sauti ba. A bar su a zagaye ɗaya, a dai nemi dattijon makaɗi ko da guda ɗaya ne, a kai masa ayyukan da suka kai matakin ƙarshe ya saurara, a naɗo bayaninsa da murya a saka wa kowa ya ji.