Mun yashe kwata, wa zai kwashe dagwalon?

Wai don Allah sai yaushe za a daina raina wa matasan garin nan hankali? Duk shekara kafin ruwa ya sauka mai unguwa zai sa a yi shela, samari su fito aikin gayya da shebur da manjagara da baron aro, su shiga babbar kwatar bayan kasuwa su yashe ta tas. Ba mai ba su ko sisi, ruwan da za su sha ma karo-karo ake yi. Abu ɗaya tak muke roƙon ƙaramar hukuma, tifar da za ta kwashe abin da aka fitar, shi ma ya gagara.

Ga dagwalon can baƙi ƙirin jibge a bakin hanya, ƙuda na bi, kaji na tono, mai ƙosai na tuya a gefensa. Ruwan farko na sauka zai mayar da shi inda ya fito, kwalbati ta toshe, ruwa ya juya cikin gidajen ƙasa. An yi aikin baban giwa ke nan.

A aikin da aka yi bana, a gabana fasasshiyar kwalba ta tsarge tafin ƙafar wani yaro, don da silifas ya shiga. Jini na zuba, taɓo ya cika ciwon, aka ɗaure da tsumma aka ɗora shi a mashin. Kuɗin ɗinki da allurar tetanus mu muka haɗa. Can rana ta take sai ga kansila da muƙarrabansa cikin shadda mai maiƙo, ya karɓi shebur daga hannun wani, aka ɗauki hoto, ya ce "Allah ya yi muku albarka, tifa na nan tafe", ya shige mota. Da yamma hoton na yawo a Facebook wai shi ya jagoranci tsaftace gari. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi!

Ba alfarma muke nema ba fa. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa kwashe shara cikin ayyukan ƙananan hukumomi ƙarara. Da can uzurinsu shi ne gwamna ke riƙe kuɗi. To a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye. Ko kuɗin na isowa ko ba sa isowa, su fito su faɗa mana, amma ba za a ce man tifa na yini guda ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma sukutum ba. A cikin birnin Kano ko ba komai akwai Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsayar da zirga-zirga da safe don tsaftar muhalli. Mu nan ko duba-gari mun manta kamanninsa, alhali iyayenmu na ba da labarin yadda yake leƙa randa da masai ya ci tarar ƙazami.

Ku ma mutanen gari ba zan ƙyale ku ba. Da an yi sallar isha'i sai a ɗora wa yaro ko almajiri kwandon shara a ce ya juye a kwata, har da kunzugun jarirai. Wani ma magidanci ne, yana zaune a dakali yana kallon 'ya'yan wasu na iyo cikin ƙazantar gidansa, ko sannu babu. Jujin da a da manoma ke rububin ɗiba a mangala su kai gona, yanzu duk ledar fiya wata ce, ba ta ruɓewa, akuya ta ci ta kumbura ta mutu. Ko kun manta 2021, lokacin da amai da gudawa ya kashe sama da mutum 3,000 a Najeriya, akasari a nan Arewa?

Matasa dai sun zauna sun yanke shawara, ni ma ina bayansu. A ba su takalman ruwa da safar hannu, dagaci ya ware filin juji a wajen gari, tifa ta zo ranar aiki ba bayan wata biyu ba. In ba haka ba, baro muna da shi, hanyar sakatariya kuma mun san ta. A bakin ƙofar ciyaman za mu sauke.